Ɗalibai da Injin Ƙwalama: Yaƙin Gyara Abin da Ake Sayarwa a Jami'o'in Amurka

Daga cikin ayyukan da malaman sashen kiwon lafiyar jama'a da na ilmin abinci sukan ɗora wa ɗalibansu a jami'o'in Amurka, akwai wani wanda idan mutum ya ji shi da farko zai ɗauka aikin raini ne, watau a haɗa ɗalibai huɗu ko biyar, a ce su je su binciki injunan sayar da kayan ƙwalama da ke tsaitsaye a lungunan makarantar, su rubuto abin da ke cikinsu, sa'an nan su kawo shawarar yadda za a yi kayan su fi dacewa da lafiyar mai saye. Mai karatu zai ce, ina abin bincike a cikin akwatin biskit da alewa? To, amma waɗanda suka ɗauki aikin da gaske, ba domin neman maki kaɗai ba, sun tarar wannan akwati na ƙarfe da gilashi a ɗaure yake da al'amura manya, kamar kuɗin shigar jami'a, da alkawuran da hukumarta ta ƙulla da kamfanoni, da dokokin ƙasa, da kuma mas'alar nan da ta daɗe tana damun masu hankali, ko mutum shi ke zaɓen abin da yake ci, ko kuwa wasu ne suka riga suka zaɓar masa tun bai iso ba.

Ga wanda bai taɓa ganin injin ba, siffarsa ke nan. Akwati ne wanda ya kai tsayin mutum ko ya ɗara, gabansa gilashi, cikinsa fitila tana ci dare da rana, an jera kaya hawa-hawa, kowane iri a gurbinsa, kowane ƙunshi kuma a saƙale tsakanin zobban wata murɗaɗɗiyar waya. Mai saye ya jefa kuɗi ko ya goga kati, ya danna lamba, sai wayar ta juya sau ɗaya, ƙunshin ya faɗo ƙasa, ya sunkuya ya ɗauka. Babu sallama, babu tayi, babu albarka, balle gyara. Malaman fiƙihu na mazhabar Malikiyya sun daɗe da inganta irin cinikin da ake ƙullawa ba da lafazi ba, inda miƙa kuɗi da karɓar kaya suke tsayawa a matsayin ijabi da ƙabuli, saboda haka ta fuskar sihhar ciniki babu wani zance. Zancen duka yana ga abin da aka zuba a ciki, da wanda ya zuba, da dalilin da ya sa ya zuba shi.

Dabarar kuwa tsohuwa ce. Tun a ƙarni na farko na Miladiyya wani masanin handasa mai suna Heron, mutumin Iskandariyya ta Masar, ya siffanta wata na'ura da ake jefa wa tsabar kuɗi, nauyin kuɗin ya danne wani ƙarfe, bakin tulu ya buɗe, ruwan ɗakin bauta ya zubo gwargwado, sa'an nan kuɗin ya zame, bakin ya rufe. A Amurka kuwa, cikin 1888 kamfanin Thomas Adams ya kafa injunan sayar da cingam a tashoshin jirgin ƙasa na birnin Niyok, daga nan abin ya yi ta bunƙasa har ya shiga ma'aikatu da asibitoci da makarantu.

Abin da ya ba injin ƙarfi a jami'a shi ne dare. Ɗakin cin abinci yana da lokacin rufewa, shagunan cikin makaranta ma haka, amma ɗakin karatu a makon jarrabawa yakan kai tsakar dare a buɗe, wani ma har asuba. Ɗalibin da ya shafe sa'o'i yana muɗala'a, ko ɗalibar aikin jinya da ta fito daga ɗakin gwaji ƙarfe goma sha ɗaya, ko ma'aikacin shara da ke aikin dare, idan yunwa ta taso musu a ginin da babu wani mai sayarwa sai wannan akwati mai haske a ƙarshen baranda, to, abin da ke bayan gilashin nan shi ne abincinsu, ko sun so ko sun ƙi, don Hausawa sun ce da babu gara ba daɗi. A cikin 2012 aka buga sakamakon wani bincike da Carol Byrd-Bredbenner ta Jami'ar Rutgers da abokan aikinta suka yi a manyan makarantu 11 na ƙasar, inda suka bi gurabun injuna ɗaya bayan ɗaya, suka tarar galibinsu soyayyen dankali ne mai gishiri da danginsa, sai alewa da cakulan, injunan abin sha kuma lemon kwalba mai sukari ne ya rinjaya a cikinsu.

Domin a gane nauyin wannan, sai a tuna cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin abincin da mutum ke ci a yini, wanda ga baligi ya kama kimanin giram 50, ta kuma ce in ya sauko zuwa rabin haka ya fi alheri. Alhali kuwa gorar Coca-Cola ta mililita 591, wadda ita ce aka fi gani a injunan Amurka, tana ɗauke da giram 65, kusan ƙaramin cokali 16 ke nan a zama ɗaya. Wannan kuma a ƙasar da kimanin kashi 40 cikin ɗari na manyan mutanenta ke fama da ƙiba mai cutarwa, ga ciwon sukari da hawan jini suna biye da ita.

Gwamnatin ƙasar ta taɓa lamarin, amma ta tsaya a bakin ƙofar jami'a. A Disamban 2010 Shugaba Obama ya sa hannu a kan dokar abincin yara 'yan makaranta, wadda ta ba Ma'aikatar Gona iko ta tsara ƙa'idoji ga duk abin da ake sayar wa yara a lokacin karatu, har da na cikin inji. Ƙa'idojin suka fara aiki a Yulin 2014, aka ce ƙunshin ƙwalama kada ya wuce kalori 200, sukari kada ya wuce kashi 35 cikin ɗari na nauyinsa, gishiri da mai ma aka yi musu haddi. Sai dai hukuncin na firamare da sakandare ne kawai. Yaron da aka tsare shi yana ɗan shekara 17, da zarar ya cika 18 ya shiga jami'a, an ɗauke shi baligi mai ikon kansa, babu abin da ya rage masa na kariya sai wata doka dabam wadda ta wajabta wa duk mai injuna 20 ko fiye ya bayyana yawan kalorin kayansa, ita kuwa ta fara aiki a Disamban 2016. A wannan gurbi da doka ta bari ne ɗaliban suke aikinsu.

Ga yadda aikin yakan kasance. Su raba gine-ginen makaranta a tsakaninsu, kowa ya ɗauki takarda da wayar ɗaukar hoto, ya tsaya gaban inji ya ƙirga gurabu daga sama har ƙasa, ya rubuta sunan kowane kaya da farashinsa da hawan da yake, ya nemo takardar bayanin sinadaran da ke cikinsa. Da yawansu suna aiki da wani ma'auni da hukumar lafiya ta jihar Iowa ta tsara musamman domin injuna, wanda ya kasa kaya uku da launi: kore ga mafi dacewa da lafiya, rawaya ga na tsaka-tsaki, ja ga wanda ya kamata a rage. Idan suka koma ɗaki suka zuba abin da suka samo a kwamfuta, sai taswirar makarantar ta fito musu kusan duk ja, ɗan koren da ke akwai kuma, gyaɗa ce ko busassun 'ya'yan itace, ga shi can a hawan ƙasa inda sai mutum ya durƙusa zai gan shi, farashinsa kuma ya ɗara na maƙwabtansa. Duk wanda ya karanta babin hisba a littattafan malamai irin su Mawardi zai ga kamannin wannan aiki da na muhtasibi, wanda ke zaga kasuwa yana duba mudu da sikeli da ingancin abin da ake sayar wa jama'a, sai dai shi muhtasibi yana da ikon hani, su kuwa ɗalibai ba su da komai sai hujjar da suka tara.

Bayan ƙidaya sai jin ra'ayi, a nan ne kuma ƙungiyoyi da yawa sukan ruɗi kansu. Idan ka tambayi ɗalibi da rana tsaka, ya ƙoshi, yana zaune a inuwa, ko yana son a ƙara kayan lafiya a inji, zai ce ƙwarai kuwa, kuma da gaske yake. Amma wannan ɗalibi ƙarfe ɗaya na dare, idonsa ya yi nauyi, aljihunsa da 'yan canji, abin da hannunsa zai danna dabam ne. Kamfanonin injuna sun san haka sarai, shi ya sa idan aka kai musu takardar ra'ayoyi sukan amsa da cewa su abin da ke fita daga inji suke karantawa. Ƙungiyar da ta san abin da take yi takan bar dogara da abin da mutane suka faɗa, ta nemi lissafin ciniki na kowane gurbi daga ofishin da ke kula da kwangilolin jami'a, ko kuwa ta kasa ta tsare kusa da inji tana rubuta abin da aka saya.

To, mene ne ke juya hannun mai saye? Wannan tambaya an amsa ta tun da daɗewa, amsar kuwa ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce ginshiƙin duk shawarar kirki da ɗalibai suke kawowa. Simone French ta Jami'ar Minnesota da abokan aikinta sun ɗauki injuna tara a wata babbar jami'a, suka fara da ƙirga cinikin da ake yi ba tare da sun taɓa komai ba, suka ga kayan da ba su da mai da yawa su ne kimanin kashi 26 cikin ɗari na abin da ake saye. Sa'an nan suka rage farashin waɗannan kaya da rabi har mako uku, sai rabonsu ya tashi zuwa kimanin kashi 46. Da suka mai da farashin yadda yake, sai ya koma kimanin kashi 23. An buga wannan a 1997. Ba su tsaya nan ba, suka faɗaɗa gwajin zuwa injuna 55 a makarantun sakandare 12 da wuraren aiki 12 har shekara guda, suka jarraba ragi iri uku, aka buga sakamakon a 2001: ragin kashi 10 ya ƙara cinikin kayan da kashi 9, ragin kashi 25 ya ƙara shi da kashi 39, ragin rabi kuwa ya ƙara shi da kashi 93. Ribar da kowane inji ke kawowa, a matsakaicin lissafi, ba ta taɓu ba. Sun kuma gwada manna alamomi da allunan faɗakarwa, suka tarar tasirinsu ɗan kaɗan ne in an gwada da na farashi.

Wannan sakamako, a ganina, ya isa ya sa mai wa'azin abinci ya sassauta harshensa a kan matasa. Mutanen nan da ake cewa ba su da haƙuri, ba su san ciwon kansu ba, su ne dai suka juya ga abin da ya fi musu amfani da zarar ya zo daidai da aljihunsu, suka kuma bar shi da ya sake yin tsada, ba tare da an ƙara musu ilmi ko an rage ba. Ashe jahilci bai kai talauci laifi ba a wannan babi. Ɗalibin Amurka, duk da sunan arzikin ƙasarsa, sau da yawa da bashi yake karatu, yana aikin dare a shago domin ya biya kuɗin ɗaki, kuma idan gyaɗa ta ɗara dankali da 'yan sulalla, shi a wurinsa wannan bambanci ne na haƙiƙa.

Bayan farashi sai wuri. A Jami'ar Kalifoniya reshen Los Anjalas, ƙarƙashin shirin lafiyar jami'a da aka ƙaddamar a 2013, malamai da ɗaliban sashen kiwon lafiyar jama'a sun haɗa kai da ofishin da ke tafiyar da injuna, suka ƙara yawan kayan lafiya a wasu daga cikinsu, suka ɗaga su zuwa hawan da ke daidai ido, suka manna musu alama, suka kuma ɗan ƙara wa cakulan kuɗi. Da aka buga sakamakon a 2018, an ga cinikin kayan lafiya ya ƙaru, kuɗin shiga kuma bai ragu ba. A birnin Shikago kuwa, Brad Appelhans na cibiyar likitanci ta Jami'ar Rush ya ƙera wata 'yar na'ura da ke riƙe ƙunshin da ba shi da kirki har daƙiƙa 25 kafin ta sake shi, na lafiya kuma ya faɗo nan take, ga allo yana nuna ƙidayar jinkirin. Wannan ɗan jira kaɗai ya ƙara rabon kayan lafiya da kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari.

Tun da an san maganin haka, me ya hana a yi shi ko'ina? Ƙungiyar ɗalibai da ta bi sawun wannan tambaya takan ƙare ne a wani ofishi da galibin ɗalibai ba su ma san da shi ba, gaban wata takarda mai shafuka da yawa, watau kwangilar da jami'a ta ƙulla da kamfanin lemo. A cikin 1992 Jami'ar Penn State ta ƙulla da Pepsi yarjejeniyar shekara 10 a kan dala miliyan 14, bisa sharaɗin ba a sayar da abin shan kowa a harabarta sai na kamfanin, daga nan kuma sauran jami'o'i suka bi sahu, wasu da Pepsi, wasu da Coca-Cola, har ya zama mafi yawan manyan jami'o'in gwamnati suna ƙarƙashin irin wannan alkawari. Kuɗin kuwa ba a banza suke tafiya ba, da su ake tallafa wa wasanni da guraben karatu da ayyukan ɗalibai, saboda haka kada a ɗauka shugabannin da suka sa hannu mugaye ne. Sai dai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wata ƙungiyar kare lafiyar masu saye da ke Washington, mai suna Center for Science in the Public Interest, ta yi amfani da dokokin da suka ba jama'a haƙƙin ganin takardun hukuma ta tattaro irin waɗannan kwangiloli sama da 100, ta tarar kusan dukkansu suna da sharaɗin da ke ɗaure kuɗin da jami'a za ta samu da yawan abin da aka sayar, ko dai lada a kan kowane kwali, ko ragin kuɗi idan ciniki bai kai wani adadi ba.

A dubi wannan da idon basira. Makarantar da ke da tsangayar likitanci, wadda malamanta ke koyar da illar sukari da safe, ita ce kuma baitulmalinta ke ƙaruwa gwargwadon gorunan da ɗalibanta suka shanye da dare. Ɗalibin da ya zo da shawarar a rage lemo a ƙara ruwa, bai sani ba ashe yana roƙon jami'a ta rage wa kanta kuɗi ne, ko ma ta saɓa alkawarin da ya rage shekara bakwai ya ƙare. Wannan shi ne dalilin da ya sa rahotanni masu kyau da yawa suke samun yabo da maki, sa'an nan su kwanta a aljihun tebur.

Amma akwai inda ɗalibai suka iso kafin tawada ta bushe. A cikin 2015 hukumar Jami'ar Jiha ta San Faransisko ta nemi kamfanonin lemo su kawo tayi a kan irin wannan kwangila, tana bukatar aƙalla dala miliyan 2 a dunƙule, ban da abin da za a riƙa biya kowace shekara. Ɗalibai suka ji labari, waɗanda ke cikin ƙungiyar Real Food Challenge suka shige gaba, suka karanta takardar neman tayin, suka tara sa hannu, suka yi gangami, suka jawo malamai da masana lafiya na birnin a bayansu, suna kafa hujja da cewa yawancin ɗaliban makarantar 'ya'yan talakawa ne daga al'ummomin da ciwon sukari ya fi addaba, bai kuwa kamata a sayar da ƙishirwarsu ba tare da an shawarce su ba. A watan Nuwamba na shekarar shugaban jami'ar, Leslie Wong, ya ba da sanarwar an janye daga maganar. Abin lura a nan shi ne lokaci: da sun bari an sa hannu, da sai dai waɗanda za su shigo makarantar bayan shekara goma su sake ta da zancen.

Ba kuwa a ce mai inji ba shi da uzuri. Ƙunshin dankali yakan yi watanni bai lalace ba, amma ayaba ko kindirmo sai inji mai sanyi, sai kuma a zo a duba shi kowane kwana biyu ko uku, duk abin da ya wuce wa'adinsa asarar mai kaya ce. Direban da ke zagawa yana cika injuna, wanda a wurare da yawa ladansa ya danganta da ciniki, idan ya ga gurbin kore bai motsa ba, zai mai da abin da ya san yana tafiya, ba da mugun nufi ba, cikin 'yan watanni inji ya koma yadda yake in babu mai bibiya. Akwai ma wani haƙƙi da ɗalibai kan yi karo da shi ba su zata ba: tun 1936 dokar Randolph da Sheppard ta ba makafi fifiko wajen tafiyar da wuraren sayarwa a gine-ginen gwamnatin tarayya, jihohi da yawa kuma suka yi irin tata a gine-ginensu, har ya zama a wasu wurare injin da ake son gyarawa shi ne abincin wani makaho da iyalinsa. Shawarar da ba ta yi lissafin wannan mutum ba, ko ta yi kyau a takarda, akwai zalunci a cikinta. Ga kuma gajartar zangon karatu, wanda bai wuce wata huɗu ba, ƙungiya ta miƙa rahoto ta watse, sai in an dace da malamin da zai miƙa aikin ga 'yan aji na gaba, ko majalisar ɗalibai ta ɗauke shi ya zama nata.

Akwai kuma darasin Jami'ar Vermont, wanda ya kamata duk mai kyakkyawar niyya ya sani. Ɗalibai masu kishin muhalli sun daɗe suna neman a hana sayar da ruwan gora a makarantar domin rage robobi, aka kuwa biya musu bukata a Janairun 2013. Bayan haka Elizabeth Berman da Rachel Johnson na jami'ar suka bi lissafin kayan da ake shigowa da su, suka buga abin da suka gani a 2015: yawan gorunan roba bai ragu ba, abin sha mai sukari kuwa ya ƙaru, domin mai ƙishirwa da ya tsaya gaban inji bai ga ruwa ba, bai juya ya tafi neman famfo ba, sai ya danna lambar da ke kusa. An gudu ba a tsira ba. A gwada wannan da abin da Jami'ar Kalifoniya reshen San Faransisko ta yi a 2015, inda ta daina sayar da duk abin sha mai ƙarin sukari a harabarta da asibitocinta, amma ta bar ruwa da sauran abin sha marasa ƙarin sukari, ba ta kuma hana kowa shigowa da nasa daga waje ba. Da aka bibiyi ma'aikata 214 masu yawan shan lemo har wata 10, an ga abin da suke sha a yini ya sauko daga kimanin lita ɗaya zuwa kimanin rabin lita, kewayen ƙugunsu kuma ya ragu da santimita 2 a matsakaici. Hani biyu ne, ɗaya ya cire mai amfani ya bar mai cutarwa, ɗaya ya cire mai cutarwa ya bar madadi a gurbinsa.

Masu suka sukan ce, ɗalibin jami'a baligi ne, wa ya naɗa wasu 'yan ajinsu su zaɓar masa abin da zai ci? Maganar tana da ƙarfi, ni ma ba na goyon bayan a mai da mutane yara. Sai dai mai wannan suka ya manta cewa gurabun injin nan ƙididdigaggu ne, kuma kafin ɗaliban su zo an riga an cika su bisa shawarar wani wanda ba ya cikin makarantar, bai kuma tambayi kowa ba. Wanda ya nemi a sa ruwa daidai ido, a sa gyaɗa a farashin dankali, a bar cakulan ga mai sonta a hawan ƙasa, bai tauye wa kowa 'yanci ba, ƙara wa mai saye abin zaɓa ya yi. Ƙungiyoyin da suka ci nasara su ne waɗanda suka shiga ofis da lissafi a hannu, suka nemi a ba su injuna kaɗan na zango ɗaya a gwada, suka yarda a auna riba kafin gwaji da bayansa, suka kuma san ranar da kwangila za ta ƙare domin a shigar da sharuɗɗansu a sabuwa.

A jami'o'inmu injin bai yawaita ba tukuna, amma gorar ta riga ta iso, har gwamnatin Nijeriya ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai sukari a dokar kuɗi ta 2021. Abin da inji ke yi a can, shagon bakin ɗakin kwanan ɗalibai ke yin sa a nan, shi ma kuwa da izinin hukumar makaranta yake zaune. Saboda haka ina kira ga ɗalibanmu na sassan likitanci da jinya da ilmin abinci, ku haɗu ku huɗu ko biyar, ku zaga shagunan makarantarku bayan sallar isha'i, ku rubuta abin da mai yunwa zai samu a wannan lokaci da farashin kowanne, sa'an nan ku je ofishin da ke ba da hayar shagunan ku tambayi sharuɗɗan da aka gindaya wa masu su, da ranar da za a sabunta su.